Kalmar "In" da Doguwar Tafiyar da Ta Yi

Da aka ce in kawo wani abu na tarihi a wannan fitowa, na san abokai da dama sun zaci labarin wani sarki ko wani yaƙi za su karanta. Ku yi mini haƙuri. Tarihin wata 'yar kalma na kawo muku, mai harafi biyu, wadda ba ma wuni ba mu furta ta ba, watau kalmar "in".

Dalili kuwa shi ne, 'ya'yanmu da jikokinmu masu karatun kwamfuta a jami'a sukan ɗauki wani darasi na lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, kuma babin farko na littafinsu galibi shi ne manɗiƙin jumloli. Da yawansu sun ɗauka tare da kwamfuta aka haifi wannan ilmi. Mu kuma iyaye, in muka leƙa littafin muka ga haruffan p da q da 'yan kibiyoyi, sai mu ture shi gefe mu ce kayan 'yan zamani ne. Alhali kuwa ilmin ya girmi kwamfuta da shekara fiye da 2,000, kuma a cikin tafiyarsa ya ratsa ta zaurukan malamanmu na gida.

Bari in share fage tukuna, saboda waɗanda suka yi hannun riga da lissafi tun ranar da muka ajiye biro a jarrabawar ƙarshe. A wannan ilmi, jumla ita ce maganar da za a iya cewa gaskiya ce ko ƙarya ce. "Kogin Kwara ya ratsa ta birnin Yamai" jumla ce, kuma gaskiya. "Bakwai ta fi tara" ita ma jumla ce, amma ƙarya. "Ina kwana?" da "Rufe ƙofa!" ba sa cikin lissafi. Ana ɗaukar irin waɗannan jumloli a ɗinke su da ƙananan kalmomi huɗu: "ba", "da", "ko", sai kuma "in". Dokar wasan ita ce, gaskiyar doguwar magana ta rataya kacokan a kan gaskiyar guntayen da aka haɗa ta da su. Uku na farko ba su da wuyar sha'ani sosai. "Ba" tana juya gaskiya ta koma ƙarya. "Da" tana so duka ɓangarorin biyu su tabbata. "Ko" tana gamsuwa da ɗaya. Ta huɗun ce mai taurin kai.

Ku tuna da irin dokar da muka tashi a ƙarƙashinta: in ɗalibi ya makara taron safe, zai yanke ciyawa. Ga yara huɗu. Na farko ya makara, ya yanka. Na biyu ya makara, amma ya sulale bai yanka ba. Na uku bai makara ba, bai kuma yanka ba. Na huɗu bai makara ba, amma ga shi can da langalanga a hannu, saboda an kama shi yana magana da Hausa a aji. A kan wane yaro aka karya waccan doka? A kan na biyu kaɗai. Na huɗu yana da abin kuka, amma kukansa a kan wata doka ce daban. Wannan shi ne abin da jadawalin gaskiya da ƙarya yake koya wa yaranmu: jumlar sharaɗi ba ta zama ƙarya sai a hali ɗaya, watau in sharaɗi ya tabbata jawabi kuma ya ƙi tabbata.

Wannan amsa ta wani mutumin Girka ce mai suna Filo, wanda ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Kafin shi, Aristo, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin Miladiyya, ya riga ya tsara manɗiƙi, amma nasa na jinsin abubuwa ne: duk ɗan Adam mai mutuwa ne, duk sarki ɗan Adam ne, saboda haka duk sarki mai mutuwa ne. Aristo ya duba cikin jumla. Filo da malaminsa Diyodoras kuwa ɗinkin da ke tsakanin jumla da jumla suka duba, kuma a nan suka saɓa. A ganin Filo, in da rana ne kuma yana cikin hira, to maganar "in da rana ne, ina hira" gaskiya ce. Diyodoras ya ce atafau bai yarda ba, domin ana iya samun lokacin da rana ke sama mutum kuma ya yi shiru. A wurinsa sharaɗi ba ya inganta sai in babu lokacin da farkonsa zai tabbata ƙarshensa ya saɓa. Ɗalibi da malami ke nan, kuma za ku ga cewa gardamarsu ba ta mutu ba har yau.

Wanda ya gina cikakken gini a kan wannan harsashi shi ne Kirisifus, wanda ya rasu wajen shekara ta 206 kafin Miladiyya. Shi ne shugaba na uku na wata makaranta a birnin Atina wadda ta samo sunanta daga shirayin da malamanta suke zama su koyar, shi ya sa Larabawa ke ce musu Riwaƙiyyuna, mu kuma sai mu ce 'yan shirayi. Maimakon p da q, shi "na farko" da "na biyu" yake cewa. Ya kafa hanyoyi biyar na kafa hujja waɗanda ya ce ba sa bukatar a kafa musu wata hujja. Biyu na farko su ne ginshiƙai. In na farko, to na biyu. Ga na farko. Saboda haka na biyu. Sai kuma: in na farko, to na biyu, babu na biyu, saboda haka babu na farko. An ruwaito ma ya ce har kare ya san hanya ta biyar, domin in yana bin sawun dabba ya iso inda hanya ta rabu uku, ya shinshina biyu bai ji ƙanshi ba, sai ya ruga ta ukun ba tare da ya tsaya shinshinawa ba.

Ku lura da abin da babu a cikin biyar ɗin: in na farko, to na biyu, ga na biyu, saboda haka na farko. Kirisifus bai sa wannan ba domin gurguwar hujja ce. Ganin yaro da langalanga bai nuna ya makara ba. A makaranta abin dariya ne, amma a kasuwa ba haka ba ne. In mutum ɓarawo ne zai gudu; ga wani yana gudu; sai a ce ɓarawo ne, a rufa masa da duka. Kowa a cikinmu ya taɓa jin inda wannan gurguwar hujja ta ci ran mutumin da tsoro kawai ya sa shi gudu.

An ce Kirisifus ya rubuta littattafai fiye da 700. Ko ɗaya bai iso gare mu cikakke ba. Abin da muka sani game da shi, mafi yawa daga bakin masu sukarsa da masu tattara labaran magabata muka ji shi. Littattafan Aristo ne suka tsira, kuma su aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9 da na 10, ta hannun irin su Hunaini ɗan Is'haƙa da ɗansa. Amma masu sharhin Aristo sun riga sun cusa babin sharaɗi a cikin sharhinsu, saboda haka shi ma ya bi ayari. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya yi magana a kansa. Ibn Sina kuwa, wanda aka haifa kusa da Bukhara a 980 ya rasu a 1037, ya faɗaɗa shi ƙwarai a littafinsa Ash-Shifa.

A nan ne, a ganina, aka yi wa gardamar Filo da malaminsa hukunci mafi hikima. Malaman manɗiƙi na Larabci sun raba jumlar sharaɗi gida biyu. Akwai luzumiyya, wadda jawabinta yake ɗaure da sharaɗinta ta wata alaƙa ta haƙiƙa: in rana ta fito, gari ya waye. Akwai kuma ittifaƙiyya, wadda ɓangarorinta suka dace kawai da zama gaskiya tare. Misalin da suka saba bayarwa shi ne: in mutum mai magana ne, to jaki mai kuka ne. Duka biyun gaskiya ne, amma maganar mutum ba ita ta sa jaki kuka ba. Sun ba kowace sunanta, sun kuma ce ta farkon ce abin dogaro wajen kafa hujja.

Ilmin bai shiga makarantun Musulmi salin-alin ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe littafinsa na usulul fiƙihu, Al-Mustasfa, da gabatarwa a kan manɗiƙi, yana ganin wanda bai san shi ba ba za a saki jiki da ilminsa ba. Ibn Salah da Imam Nawawi suka haramta shi. Gardamar ta ci gaba har ƙarshen ƙarni na 15, inda ta haɗa malamai biyu da ƙasarmu ta sani. Ɗaya shi ne Jalaluddin Suyuɗi na Misira, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas da wasiƙar nasiha, kuma yana cikin masu haramtawa. Ɗayan shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499. Mu a darasin tarihi littafin da ya rubuta wa Rumfa a kan sha'anin mulki aka koya mana. Ba a cika ambaton cewa Magili gwanin manɗiƙi ne ba, har yana da waƙa ta koyar da shi mai suna Minahul Wahhab. Ya aika wa Suyuɗi baitoci yana kare wannan ilmi, hujjarsa kuwa ita ce a auna magana da kanta, kada a ƙi gaskiya don ta fito daga bakin wanda ba namu ba. Suyuɗi ya mayar masa da martani shi ma a waƙe, kowa ya tsaya a kan bakansa.

Ga kuma abin da nake zaton zai ba wasu mamaki. Kusan dukanmu mun riƙe Ahalari muna yara, muna koyon tsarki da salla. Mawallafinsa, Abdurrahman Al-Ahdari, mutumin yankin Biskara a ƙasar Aljeriya ta yau, shi ne kuma ya wallafa As-Sullam, waƙar koyon manɗiƙi mai baiti ɗari da arba'in da 'yan kai, a shekara ta 941 bayan Hijira, watau wajen 1535, yana ɗan shekara 21. Ya kawo saɓanin malamai a kan halascin ilmin, ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai cikakken hankali wanda ya san Alƙur'ani da Sunna. Har yau akwai zaurukan da ake karanta Sullamu a ƙasar Hausa. Wanda ya karanta shi ya san hanyoyi biyun nan na Kirisifus, da sunan ƙiyasul istisna'i, ko da bai taɓa jin sunan Kirisifus ba. Ya kuma san cewa kalmar "ko" iri uku ce. Akwai wadda ɓangarorinta ba sa haɗuwa, ba kuma a rasa ɗaya: lamba ko shafa'i ce ko wutiri. Akwai mai hana haɗuwa kawai: abin nan ko dutse ne ko itace, ba zai zama duka biyu ba, amma yana iya zama ƙarfe. Akwai mai hana a rasa duka: wane ko yana cikin ruwa, ko bai nutse ba. Yana iya kasancewa cikin ruwa kuma bai nutse ba, amma ba zai nutse a kan tudu ba. Ku riƙe waɗannan ukun, za mu sake gamuwa da su a inda ba ku zata ba.

Abin da babu a Atina, babu a Bagadaza, babu a zaurenmu, shi ne lissafi. Kowa da kalmomi yake aiki. Bajamushen nan Leibniz, wanda ya rasu a 1716, ya yi burin a wayi gari masu gardama su daina ɗaga murya, su ɗauki alƙalami su lissafa wanda ya fi gaskiya. Amma mafi yawan rubuce-rubucensa a kan haka sun kwanta a ɗakin karatu na birnin Hanoba, ba a buga su ba sai farkon ƙarni na 20.

Wanda ya cika burin malamin makaranta ne, kuma ina so malamanmu su ji wannan da kyau. An haifi George Boole a garin Lincoln na Ingila a 1815, ɗan mai ɗinkin takalma. Sana'ar uban ta durƙushe, shi kuwa ya shiga koyarwa yana ɗan shekara 16 don ya riƙe gida, ya buɗe tasa makarantar yana ɗan 19. Bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Da kansa ya koyi babban lissafi daga littattafai, bayan ya sallami yara. A 1847 ya buga wani ɗan littafi a kan nazarin manɗiƙi ta hanyar lissafi, a 1849 aka naɗa shi farfesa a kwalejin birnin Cork a ƙasar Ailan, a 1854 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan dokokin tunani. Dabararsa, in aka faɗe ta yadda ake koyar da ita yau, ita ce a ba gaskiya lamba 1, ƙarya kuma 0. Sai "da" ta zama sau: 1 sau 1 ne kaɗai ke ba da 1. "Ba" ta zama ɗebewa daga 1. Ya lura cewa a wannan aljabara x sau x daidai yake da x, tun da maimaita magana ba ya ƙara mata gaskiya, kuma a cikin lambobi duka 0 da 1 ne kawai ke bin wannan doka. Daga nan ya fitar da cewa x sau 1 ban da x sifiri ne, watau magana ba ta zama gaskiya da ƙarya a lokaci guda. Tsohuwar ƙa'idar Aristo ke nan, ta fito a matsayin amsar lissafi. Allah Sarki, a ƙarshen 1864 ruwan sama ya yi masa duka a hanyarsa ta zuwa aji, ya koyar da jiƙaƙƙun tufafi, ciwon huhu ya kama shi, ya rasu yana da shekara 49.

Daga nan abin ya yi sauri. Abokinsa De Morgan ya rubuta dokokin da ke ɗauke da sunansa, irin su cewa "ba duka biyun suka zo ba" daidai yake da "ko wannan bai zo ba, ko wancan bai zo ba", ko da yake William na Ockham ya faɗi haka tun ƙarni na 14. A 1879 Gottlob Frege na jami'ar Jena a Jamus ya gina manɗiƙin jumloli duka a kan "ba" da "in" kaɗai, kuma ma'anar Filo ya ba "in" ɗinsa. A 1921 jadawalin da yaranmu ke zanawa ya bazu ta hannun mutum biyu, Emil Post a Amurka da Ludwig Wittgenstein ɗan ƙasar Ostiriya. Post ya kuma tabbatar da cewa duk abin da jadawali ya nuna gaskiya ne a kowane hali ana iya fitar da shi daga ƙa'idojin tushe, ba ragi ba ƙari. Kirisifus kuwa, wanda wani masanin tarihi Bajamushe na ƙarni na 19, Carl Prantl, ya yi wa kallon mai surutun banza, sai a 1934 Jan Lukasiewicz na ƙasar Folan ya wanke shi, ya nuna cewa 'yan shirayi su ne suka fara wannan fanni.

Har zuwa lokacin, aikin masu falsafa ne, ba wanda ya ga abin da zai saya da shi a kasuwa. Sai a 1937 wani ɗalibi a babbar makarantar fasaha ta Massachusetts, Claude Shannon, ya rubuta kundin digirinsa na biyu. Shekarunsa 21, daidai da na Ahdari lokacin da ya yi Sullamu. Ya taɓa gamuwa da aljabarar Boole a wani darasin falsafa a jami'ar Michigan, kuma aikinsa ya haɗa shi da ɗimbin makunnai masu aiki da maganaɗisu, irin waɗanda ake haɗa layukan tarho da su. Sai ya ga cewa makunni biyu a jere a kan waya ɗaya "da" ne, domin wuta ba ta wucewa sai an kunna duka. Makunni biyu a kan wayoyi biyu da suka rabu suka sake haɗuwa "ko" ne. Saboda haka injiniya zai iya rubuta hanyar wuta a takarda, ya taƙaita ta da lissafi, kafin ya taɓa waya. Akira Nakashima a Japan da Victor Shestakov a Tarayyar Sobiyet sun kai ga irin wannan tunani a cikin shekarun nan, amma aikin Shannon ne ya fi yaɗuwa.

To, ga inda "ko" ukun nan na Sullamu suka ɓullo. Ɗakin da ke da ƙofa biyu, kowace da makunninta na fitila ɗaya, yana aiki ne da ta farko, ta shafa'i da wutiri. Ta ukun ita ce "ko" ɗin jadawali. Ta biyun, mai hana haɗuwa, ta fi su duka muƙami. A 1913 Henry Sheffer ya nuna cewa za a iya gina "ba" da "da" da "ko" da "in" daga alama ɗaya tak, kuma alamomi biyu ne ke da wannan iko: "ba wannan ba, ba wancan ba", da kuma "ba sa haɗuwa". Kwamfutar kumbon Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969, da ta farkon aka gina tunaninta. Ta biyun kuwa tana cikin ƙofofin lantarki da aka fi amfani da su a wayar da ke aljihunka, mai ɗauke da ƙananan makunnai biliyoyi.

Amma fa an biya farashi. Na'ura ba ta san alaƙa ba, saboda haka ɓangaren Filo ta bi, aka bar luzumiyyar Ibn Sina a baya. Bisa jadawali, "in Sakkwato tana bakin teku, to ni ne Sarkin Ingila" gaskiya ce, tun da sharaɗin ƙarya ne. Ba Bahaushen da zai ji wannan bai yi dariya ba, kuma ba mu kaɗai ba. A 1918 Ba'amurke C. I. Lewis ya fito da wani sharaɗi mai tsauri wanda ke neman jawabi ya zama tilas, watau ya koma kusa da Diyodoras, kuma masana suna kan wannan bincike har gobe. A 1966 Peter Wason a Ingila ya gwada mutane da kati huɗu, kowane da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗayar. A ce ana ganin A, K, 4 da 7, dokar kuma ita ce: in akwai wasali a fuska ɗaya, akwai lambar shafa'i a bayanta. Waɗanne za a juya don a gane ko an karya dokar? Mafi yawa sukan ce A da 4, ko A kaɗai. Amsar ita ce A da 7, domin 4 ɗin nan yaron nan ne mai langalanga, duk abin da ke bayansa bai karya doka ba. Da ƙyar ake samun ɗaya cikin goma da ke dacewa, har a cikin ɗaliban jami'a.

Jadawalin kansa yana da tasa matsalar. Jumla biyu suna bukatar layi 4, uku layi 8, goma layi 1,024, ashirin kuwa layi 1,048,576. Duk jumlar da aka ƙara, aiki ya ninka. Tambayar ita ce, in aka ba ka doguwar magana mai ɗaruruwan jumloli, akwai gajeriyar hanya da za ta nuna a kowane lokaci ko tana iya zama gaskiya, ba tare da bin layi-layi ba? A 1971 Stephen Cook na jami'ar Toronto ya tabbatar da cewa duk wanda ya samo irin wannan hanya ya warware, a lokaci guda, wani babban rukuni na matsaloli masu wuya, waɗanda suka haɗa har da tsara jadawalin darussa na makaranta ba tare da malami ɗaya ya faɗa aji biyu a sa'a guda ba. A shekara ta 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa ladar dala miliyan ɗaya ga wanda ya samo hanyar, ko ya tabbatar da cewa babu ita. Har yanzu kuɗin suna nan, ba wanda ya karɓa.